Kan jitata ya karye, kafinta ya ce zai buga ƙusa, ku ba ni shawara

Ɗan Yelwa: Jama'a ina kwananku. Don Allah taimako nake nema. Jitata ce Epiphone Les Paul wadda na saya gwanjo, jiya bayan mun gama rihaza aka jingina ta da sifika, wani yaro ya zo wucewa ƙafarsa ta ja waya sai jita ta faɗi ta baya kan ya bugi siminti. Ya tsage daga bayan wuya daidai inda tsirkiyoyi ke hawa har ya wuce kunne na farko (abin murɗa tsirkiya), bai rabu duka ba, fuskar gaba mai rubutun nan ita ke riƙe da shi amma in ka taɓa yana lilo. Na nuna wa wani kafinta a unguwarmu ya ce zai shafa gam ya ɗaura sukuru biyu ko ya buga ƙananan ƙusoshi wai har jikana sai ya gaje ta. Ni dai hankalina bai kwanta ba, kuma muna da biki ran Asabar. Ga hotuna nan.

Mai Bass: Wayyo. Sannu ɗan'uwa. Kafin komai ka sassauta tsirkiyoyin nan yanzu yanzu, na ga a hoton har yanzu suna ɗaure

Ɗan Yelwa: Ai da kan ya karye duk sun saki da kansu

Mai Bass: Duk da haka cire su gaba ɗaya, biyu na ƙasan nan ina ganin suna ja

Oga Sawun: Ka manta da ita kawai abokina. Jitan da kanta ya karye ta gama aiki, ko an gyara ba za ta riƙe tunin ba. Ka cire fikof, abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai sifika, da kunnuwa ka sayar, ka ƙara kuɗi ka je Jos ka ɗauko wata

Solo na Gombe: Haba Oga Sawun, da wane kuɗin? Ka san nawa jita take yanzu kuwa? Kai ka saba da mikisa da sifika, abu ya ƙone a jefar

Oga Sawun: Gaskiya ce dai ba kwa so

Baba Kafinta: Ɗan Yelwa ɗana, sannu da wannan asara, amma ba asara ba ce sosai. Na buɗe hotunan na duba da kyau. Abu na farko, kada ka bari kowa ya kusanci jitar nan da ƙusa ko sukuru. Wurin da ya karye shi ne wuri mafi siranta a duk jikin jitar, ga ramin ƙarfen nan da ke ratsa cikin wuya ya riga ya cinye rabin katakon wurin, ɗan abin da ya rage shi za ka huda kuma? Sukuru zai ƙara tsaga shi ne, kuma ƙarfe da katako ba sa motsi tare, damina katako ya kumbura, hunturu ya tsuke, ƙarfe yana nan yadda yake, kafin shekara ramin ya buɗe. Wancan abokin sana'ar tamu ba mugunta yake nufi ba, aikin kujera da gado ya sani.

Abu na biyu, ka daina taɓa wurin. Kada ka riƙa buɗewa kana rufewa kana nuna wa mutane, kada ka sa yatsa a ciki, maiƙon hannu yana hana gam kamawa kuma duk ɗan tsinken katakon da ya lanƙwashe zai hana bakin haɗuwa. In akwai ɓarɓashin da ya zube a ƙasa ka koma ka tsince ka sa a leda.

Ɗan Yelwa: Toh Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Amma gam kawai zai riƙe? Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan

Baba Kafinta: Zai riƙe. Irin karyewar da ka samu ita ce mai kyau in dai akwai mai kyau a karaya. Ka san rake, in ka tsaga shi ta tsawo yana bin zarensa ya ba ka fuska doguwa, in kuma ka karya shi a gwiwa sai ya guntule. Taka ta bi zaren katako ta yi doguwar tsaga a karkace, wato gam yana da fili mai faɗi da zai kama. Katako biyu da suka haɗu ƙam babu rata, in an sa gam ɗin katako na kirki an matse, in ka sake karya shi a gefe zai karye ba kan layin gam ba.

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara dalilin da ya sa Les Paul ta yi suna da wannan ciwon don Oga Sawun ya san ba jitar Ɗan Yelwa kaɗai ba ce. Kamfanin Gibson, masu mallakar Epiphone, sun fito da Les Paul a 1952, wuyanta na mahogani ne kuma kan yana kwanciya baya, na Gibson digiri 17, na Epiphone 14. Zaren katakon yana tafiya miƙe tare da wuya, to da aka zo wurin lanƙwasar sai zaren ya zama gajere, ga rami an fafe na notin ƙarfen wuya. Sannan saboda kan ya kwanta baya, in jita ta faɗi rigingine shi ne ke fara taɓa ƙasa. Ka haɗa da jan tsirkiyoyi, saitin tsirkiya mai lambar kauri 10 zuwa 46 da yawancinmu ke sawa jansa ya kai wajen kilo 45 dare da rana. Su kansu Gibson sun san matsalar, wajen 1969 suka ƙara wani ɗan tudu a bayan wuya daidai wurin don ƙarfi, daga baya suka cire shi. Jitar kamfanin Fender kuwa kanta a miƙe yake, katakon mapul ne mai tauri, kuma sukuru huɗu ne ke riƙe da wuyan a jiki, in ya lalace ka kwance ka sa wani.

Solo na Gombe: Shi ya sa ni Strat ta Fender nake kaɗawa. Tawa ta faɗo daga bayan Hilux a hanyan Kaltungo fenti kawai ya ɗaye 😂

Mai Bass: To shi Ɗan Yelwa ba zai iya canja wuyan kawai ba?

Injiniya: Duba hoto na uku, babu faranti da sukuru a baya. Wuyan manne yake da jiki da gam. Akwai ƙananan Epiphone masu sukuru irin Special II amma tasa ba ita ba ce

Oga Sawun: Duk wannan lissafi ne na makaranta. Ni na ga wadda aka gyara da idona, wata uku ba ta yi ba ta sake buɗewa ana tsakiyar waƙa a coci

Baba Kafinta: Da wane gam aka gyara ta, kuma da me aka matse?

Oga Sawun: Sufa gulu da fo minit, aka naɗe da salatif

Baba Kafinta: To ai ka ba kanka amsa Oga.

'Yar Billiri: 😂😂 Baba ba ya faɗa da ƙarfi

Ɗan Yelwa: Yauwa maganar gam ɗin nan ita nake so a warware min. Top Bond nake da shi a gida. Wani ya ce Araldite, wani ya ce Evo-Stik

Mai Bass: Evo-Stik na masu gyaran takalmi? Kar ka soma, shi ba ya bushewa ya yi tauri, kaman roba yake zama

Solo na Gombe: Ni dai Araldite zan ce. Abin da ke riƙe ƙarfe ai katako wasa ne

Baba Kafinta: Bari in bi su ɗaya ɗaya amma ba zan daɗe kan waɗanda ba su da amfani ba. Evo-Stik a'a. Sufa gulu a'a, yana kamawa kafin ka daidaita bakin kuma in ya bushe tsatsagewa yake in ya sha bugu. Fo minit ma haka, minti huɗu ba su isa ka shigar da gam cikin tsaga ka daidaita ka matse ba.

Araldite mai jinkirin bushewa yana da wurinsa. In katako ya ɓace, wurin ya yi rata, ko an taɓa gyarawa da wani gam an ɓata fuskar, to shi ne ke cike gurbi. Amma yana da kauri, shigar da shi can ƙarshen siririyar tsaga wahala ne, in ya malala ya shiga ramin ƙarfen wuya ya kama notin shi ke nan ba za ka ƙara saita wuyan jitarka ba, kuma in aka yi kuskure ba ya kwancuwa. Tsagar Ɗan Yelwa sabuwa ce mai tsabta, ba ta bukatarsa.

Abin da masu gyaran jita ke amfani da shi shi ne Titebond, na asalin mai jan murfi, ko gam ɗin fata wanda ake narkawa da ruwan zafi, irin wanda ake haɗa goge na Turawa da shi. Na fatan yana da kyau ƙwarai amma yana son hannun da ya saba, da ya huce ya daskare, ba na ɗan koyo ba ne. Top Bond kuwa ni kullum da shi nake aiki a shago, ba zan zage shi ba, gam ne mai kyau na kujera da ƙofa. Sai dai farin gam irin wannan in ya bushe yana da ɗan taushi, abin da ake ja ba hutawa kuma ga zafi, a hankali yana iya sulalewa. Ka tuna kilo 45 ɗin da Injiniya ya faɗa, ka tuna zafin Bauchi a watan Afrilu. In da hali a nemi Titebond.

Ɗan Yelwa: A ina zan samu a Bauchi Baba? Na tambaya wajen 'yan katako a Muda Lawal wasu ma ba su taɓa jin sunan ba

Injiniya: Ana samu a intanet daga Legas ko Abuja, ƙaramar kwalba ta ishe ka jita goma. Ka duba kwanan wata dai, in ya tsufa ya yi kauri yana jan zare kar ka karɓa. Kuma na asali za ka ce, ba II ko III ba, waɗancan don ruwa aka yi su, ba su kai na farkon tauri ba in sun bushe

'Yar Billiri: Yayana yana aikin kabinet a Jos yana da shi, zan ce ya zuba maka kaɗan ya ba direba a tasha. Jos zuwa Bauchi ai ba nisa, gobe da rana ya iso

Ɗan Yelwa: Kai Anti Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci

Solo na Gombe: Ni fa har yanzu ban yarda Top Bond ba zai yi ba. Mutane nawa ne a ƙauye suka gyara da shi suna kaɗawa? Komai sai an ce na Amurka

Baba Kafinta: Ban ce ba zai yi ba Solo. In babu wani shi zan sa, kuma in an matse da kyau zai iya shekaru. Amma wannan aikin sau ɗaya ake yinsa da kyau. In ya buɗe karo na biyu, sabon gam ba ya kama tsohon gam, sai an kankare fuskar duka, in an kankare kuma bakin ba zai sake haɗuwa kamar da ba. Tunda ga shi za a kawo kyauta me ya sa za mu yi caca?

Solo na Gombe: Toh na ji Baba

Mai Bass: Matsewan fa? Ni nan ne nake ganin aiki, wurin ba a miƙe yake ba kilam, ƙarfen matse katako, zai riƙa zamewa

Baba Kafinta: Yauwa, ka taɓo inda aikin yake. Gam kashi ɗaya ne, matsewa kashi tara. Ɗan Yelwa ka karanta wannan a hankali.

Ka kwance kunnuwan duka shida da ɗan murfin nan mai rufe notin wuya, ka zuba sukurorin a kofi kada su ɓace. Ka sami ƙananan katako biyu, ɗaya shimfiɗaɗɗe na fuskar gaba, ɗaya ka fafe shi ya bi zagayen bayan wuya, ka manna musu fata ko guntun silifas don kada su yi wa fenti tabo. Tsakaninsu da jita ka sa leda, in ba haka ba gam ɗin da ya fito zai manne su da jitar ka wayi gari da sabon aiki. Notin ƙarfen wuya ka goga masa kyandir ko ka rufe shi da salatif.

Kafin ka buɗe kwalbar gam sai ka yi gwaji a bushe. Ka rufe tsagar a hankali, ka ɗora katakan, ka ɗaura kilam, ka haska tocila ka ga layin ya ɓace ko akwai inda ya ƙi zama. In ya ƙi, akwai ɗan tsinke da ya juya a ciki, ka nemo shi da allura ka miƙar da shi, kada ka ce za ka danne shi da ƙarfi. Kuma sanfefa kada ta shiga cikin tsagar nan ko kaɗan, waɗannan haƙoran da kake gani su ne ke komawa cikin juna su kulle.

In gwaji ya yi, ka buɗe bakin kaɗan, ka ɗura gam da sirinji har can ƙarshe, ka bi da ɗan siririn buroshi ko gashin kaza, ka ɗan motsa kan sama da ƙasa a hankali gam ya tsotsu ciki. Ka sa ya wadata, wurin da gam bai kai ba nan zai fara buɗewa. Minti biyar kake da shi ko ƙasa da haka, da iskar hunturun nan ma ya fi saurin shanyewa, don haka kada ka yi a rana ko ƙarƙashin fanka, kuma wani ya tsaya kusa ya riƙe maka. Da ka fara matsewa za ka ji kan yana son sulalewa gaba saboda santsin gam, ka matsa kaɗan ka duba gefe da gefe da farce, ka ƙara kaɗan ka sake dubawa. In gam ya fito a duk tsawon layin kamar zare to ya yi, ka tsaya, ba sai ka matse har katako ya yi kuka ba. Ka goge wanda ya fito da tsumma mai ɗan danshi.

Ɗan Yelwa: Baba kilam ɗaya ne zan iya arowa

Baba Kafinta: Biyu ake so. In babu ka yanka tsohon tub na mashin dogo dogo irin na ɗaure kaya, ka naɗe a kan katakan kana ja, roba tana matse wuri mai zagaye fiye da yadda kake zato. Ko ka zo shago da yamma ka ɗauki nawa.

Ɗan Yelwa: In na manna gobe Alhamis zan iya kaɗawa ran Asabar?

Injiniya: A jikin kwalbar awa 24 suka rubuta kafin a ɗora wa haɗin nauyi

Baba Kafinta: Awa 24 a cikin kilam. Bayan nan ni sai na bar ta ta ƙara kwana biyu ko uku kafin tsirkiya ta hau, gam ɗin da ke can ciki bai bushe da wuri kamar na baki. Ka ari jita ka yi bikinka.

Solo na Gombe: Da kana Gombe da na ba ka Strat ka ji yadda jita take

Mai Bass: Akwai wata Ibanez a wajena ba a amfani da ita, zo ka ɗauka amma ka sa mata tsirkiya da kanka

Oga Sawun: Ko ta riƙe sautin ya tafi. Kuma ranan da za ka sayar ba mai saye

Injiniya: Farashi kam zai sauka, wannan gaskiyarka ne, mai saye zai ga layin ya rage kuɗi. Amma sauti a'a. Akwai Les Paul ta 1959 da ake kira Greeny, Peter Green ya riƙe ta, ta koma hannun Gary Moore, yanzu tana wajen Kirk Hammett na Metallica. Wuyanta ya taɓa karyewa aka gyara, kuma har yau yana hawa dandali da ita, tana cikin jitocin da suka fi tsada a duniya

Oga Sawun: Wannan ai a Turai aka gyara

'Yar Billiri: Oga Sawun kai dai ka fi son a sayar maka da fikof ɗin da araha, mun gane 😂

Oga Sawun: Allah ya isa Anti 😂

Admin: A ci gaba da muhawara amma banda tallan kaya a nan don Allah, wanda ya turo hoton janareta na goge.

Ɗan Yelwa: Jama'a ga yadda ta kasance. Gam ya iso, na kai ta shagon Baba muka yi tare, a gwajin bushe ta ƙi rufuwa ta gefe ɗaya ashe wani ɗan tsinke ne ya kwanta a ciki, Baba ya ciro shi da allura sai ta zauna ƙam. Yau na sa tsirkiya na ja a hankali, ta riƙe tunin tun safe. Layin dai ana gani kuma farce yana jinsa. Me zan shafa?

Solo na Gombe: Kai wa masu fentin mota su fesa baƙi a wurin

Injiniya: Nan ne sufa gulu ke da amfani. Fentin Epiphone foli ne, wato irin na roba mai tauri, ba irin na Gibson ba da sinadari ke narkarwa. Ka ɗiga sufa gulu siriri a kan layin ya cike, ka bari ya bushe sosai, ka kankare tudun da reza a hankali, sannan sanfefa mai laushi da ruwa daga 800 zuwa 2000, ka goge da folish na mota. Ba zai ɓace duka ba amma hannu ba zai ji ba

Baba Kafinta: Haka ne, amma ka naɗa salatif a gefe biyu na rezar ka bar tsakiya kawai, kada ka kwashe fentin da ke lafiya. Fesawa kuwa ni ban ba da shawara ba, mai saye gobe zai ce ɓoye wani abu aka yi. Kuma ka kiyaye barinta cikin mota a rufe da rana, zafi yana sassauta kowane gam na katako.

Mai Bass: Ka sayi abin ajiye jita kuma, ko Baba ya ƙera maka na katako. Jingina da sifika ya isa haka

Ɗan Tula: Salamu alaikum, ina bin maganan nan tun farko. Baba ni ma akwai wata jita ƙirar SG a wajenmu amma ita kan ya cire fit ya rabu biyu, kuma karyewan gajere ne kusan a tsaye, an taɓa sa mata fo minit ta sake cirewa. Ita ma haka za a yi?

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam. A'a, taka daban ce. Gajeriyar karaya ba ta da filin da gam zai kama, ga tsohon gam a kai. Sai an kankare shi tas, a haɗa da Araldite mai jinkiri, sannan a fafe rami biyu dogaye a bayan wuya hagu da dama na ƙarfen, su ratsa karayar, a dasa katako mai miƙaƙƙen zare a ciki a sassaƙe shi ya bi siffar wuya. Busasshen maɗaci yana yi, dangin mahogani ne, amma wanda ya shekara a ajiye ba ɗanye daga kasuwa ba. Wannan ba aikin gida ba ne, yana son injin fafewa da hannun da ya saba. Turo hoton bakin karayar ta gaba da ta baya, da hasken rana ba filasha ba, in gani ko katakon da ya rage zai ɗauka.

Ɗan Tula: Toh Baba, jitan tana Kaltungo, in na je ran Lahadi zan ɗauka in turo